Wanda Allah Ya Ɗauke wa Alƙalami, Mu Mun Ɗauke Masa Bulala?

 

Iyayenmu da 'yan uwanmu na Fatakwal da Anacha da Inugu, maganar wannan mako kowa ya san ta, sai dai ba a cika yin ta a bainar jama'a ba. Da wuya ka samu zangon da babu wani da ake nunawa da baki a ce "wane ai ya ɗan taɓu". Wani saurayi ne da ya fara magana shi kaɗai a bakin tireda. Wata mai jego ce da ta daina barci, ta daina shayar da jaririnta. Wani kuma Alhaji ne da kayansa suka salwanta, tun daga ranar bai ƙara zama a majalisa ba. Abin da aka saba yi sananne ne. A yi karo-karo, a samu motar da ta sauke shanu ko albasa za ta koma Arewa, a ce a kai shi gida. Mu nan nauyi ya sauka. A can gida kuma sau da yawa ɗaki ake kulle shi, ko a kai shi inda za a sa masa mari.

Tambayar da muke so mu tsaya a kanta ita ce: mutumin da hankalinsa bai gama nuna ba, da wanda nasa ya nuna amma ya samu matsala, mene ne haƙƙinsu a kanmu? Masu laifi ne da za a hora, ko marasa ƙarfi ne da za a tallafa? A ina iyakar take?

Hankali ba a rana ɗaya yake zuwa ba

Mu fara daga abin da muka karanta tun muna zaure. Hadisi ya zo a cikin Sunan na Abu Dawud da wasunsa cewa mutum uku ba a rubuta musu laifi: mai barci har sai ya farka, yaro har sai ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. An kuma ruwaito cewa a zamanin halifancin Sayyidina Umar an kawo wata mace mai taɓin hankali za a tsayar mata da haddi, Sayyidina Aliyu ya tunatar da wannan hukunci, aka sake ta. Kun ga ke nan tun asali shari'a ta ɗaura hisabi ne a kan hankali. Inda ya cika, hisabi ya cika. Inda ya ragu, hisabi ya ragu.

Shari'a kuma ta san hankali hawa-hawa yake zuwa. Yaro ɗan shekara uku ba a umartarsa da salla. Sai ya kai bakwai ake fara koya masa, shekarun da malamai suke kira na tamyizi, wato lokacin da ya fara rarrabe abubuwa. Sannan balaga ta zo. Ko bayan balagar ma ba a gama ba, domin a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 6, an ce a jarraba maraya tukuna, sai an ga shiriya a tare da shi sannan a miƙa masa dukiyarsa. Imamu Abu Hanifa ya ja wannan jira har zuwa shekara 25. To, mutum yana iya fitar da gemu, salla da azumi su hau kansa, amma bai kai a ba shi makullin shago ba. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Masu binciken zamani ma da suka zauna da yara abin da suka tarar bai yi nisa da wannan ba. Wani masani ɗan ƙasar Siwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, ya shafe shekaru yana yi wa yara ƙananan gwaje-gwaje. Ga ɗaya da kowa zai iya yi a gida. Zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu masu kama ɗaya, yaro ɗan shekara huɗu ya yarda daidai suke. A gabansa ka juye ɗaya cikin dogon kofi siriri, ka tambaye shi wanne ya fi yawa. Zai ce na dogon. Ba ƙarya ya yi ba, ba kuma taurin kai ba ne, iyakar abin da tunaninsa ya kai ke nan. Bari ya kai shekara bakwai ko takwas, shi da kansa zai yi wa ƙaninsa dariya a kan wannan amsa. Wajen shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu kuma yake fara iya auna abin da bai gani da ido ba, irin su "idan na yi kaza, kaza zai biyo baya". Likitocin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun ƙara da cewa sashen gaba, wanda ke bayan goshi, mai kula da haƙuri da kame kai da hangen ƙarshen abu, shi ne na ƙarshen nuna, yakan wuce shekara ashirin yana kan gini.

Ba muna kawo wannan don mu ce addini yana jiran Bature ya gaskata shi ba ne. Muna kawo shi ne don uba ya gane cewa idan ya zane ɗan shekara huɗu saboda ya kasa lissafin canji, ya hukunta shi a kan abin da Allah bai ba shi ba tukuna. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma mai tanƙwara ya san ɗanyen ma yana karyewa idan aka matsa masa.

Wani zai ce ai hadisi ya ba da izinin duka a shekara goma. Haka ne. Sai dai a ƙirga: tsakanin bakwai da goma shekara uku ce cur ta koyarwa da lallashi, salla biyar a kullum. Malamai kuma suka gindaya sharaɗi, kada ya ji wa yaro ciwo, kada ya taɓa fuska. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma yana yaro, ya ba da shaida cewa bai taɓa yi masa tsawa a kan abin da ya yi ko ya bari ba. Ƙanin Anas kuma, Abu Umair, da ɗan tsuntsunsa ya mutu, Annabi da kansa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Baƙin cikin ƙaramin yaro a kan tsuntsu bai yi wa shugaban halitta ƙanƙanta ba.

Yaron zango

Yaranmu na nan Kudu suna tashi cikin wani hali da mu da muka girma a Arewa ba mu tashi a ciki ba. Yaro yana jin Hausa a ɗaki, Ibo ko Turancin buroka a layi, Turanci a makaranta, Larabci a Islamiyya. Wasu iyayen suna tsoron wannan zai rikita masa kai. A kwantar da hankali, yawan harshe ba ya lalata ƙwaƙwalwar yaro, jari ne Allah ya ba shi kyauta.

Abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro daban ne. Akwai yunwa, musamman daga ɗaukar ciki zuwa cikarsa shekara biyu. Akwai zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da sanƙarau. Akwai guba. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da aka gano cewa dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara yana ɗauke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma ƙwaƙwalwarsu ta samu illa. Yaran nan suna ta jijjiga da suma, wanda bai sani ba sai ya rantse iska ce, alhali ƙura ce a tsakar gida.

Sannan akwai tsoro. Yaron da yake da shekara shida a Anacha a watan Fabrairun 2006, wanda aka ja hannunsa aka gudu da shi bariki ko aka tsallaka gada zuwa Asaba, yau magidanci ne. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Oyigbo a Oktoban 2020 yanzu su ne samarin da ke tura baro da ɗinkin takalmi. Tun daga Agustan 2021 kuma yaran Anacha da Inugu suka koyi cewa ranar Litinin rana ce da ake rufe ƙofa a yi shiru. Babba yana da majalisa, zai faɗi abin da ya gani, a yi masa jaje, a ce Allah Ya kyauta. Yaro ba wanda ya tambaye shi. Sai abin ya fito ta wata hanya: fitsarin kwance bayan ya daina, firgita cikin barci, faɗa da kowa, ko dakushewa a karatu. Mu kuma sai mu ga rashin ji, mu ɗauko dorina.

Ga kuma yaran da ake turo mana daga gida, ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, a ce ga amana, a koya masa neman kuɗi. Yana kwana a rumfa, babu uwa babu yaya. A daidai shekarun da sashen kame kai bai nuna ba, a lokacin ne yake haɗuwa da mai sayar da ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramol da sholisho ba su tafi ko'ina ba, ga kuma wadda maƙwabtanmu Ibo suke kira mkpuru mmiri ta shigo.

Mari da bulala sun warkar da wa?

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Abin da ya fi ciwo shi ne yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar a gyara musu 'ya'ya. Ba mugayen iyaye ba ne. Mutane ne da suka rasa yadda za su yi, ba su kuma san wata ƙofar ba.

Kada wani ya ɗauka abin namu ne mu kaɗai. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a Nuwamban wannan shekarar, ta ce ta tarar da masu taɓin hankali a ɗaure a wuraren masu maganin gargajiya, da coci-coci, da cibiyoyin Musulmi, har da wasu wuraren gwamnati. A ƙarshen 2021 kuma mun ga yadda a wasu garuruwan nan na Gabas ake ɗaure samari masu shan mkpuru mmiri a jikin itace ana tsula musu bulala. Ruwan da ya daki mai tsamiya shi ya daki mai kuka.

To mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Idan wanda aka ɗaure hankalinsa ya gushe, an azabtar da wanda Mahaliccinsa Ya yafe wa. Idan kuma da sauran hankalinsa, ƙwaya ce ta kama shi, duka yana iya hana shi sha muddin yana ɗaure, amma ba ya cire abin da ya kai shi ga shan. Ranar da aka kwance shi zai fito da ƙishirwar da ya shiga da ita, ga ƙarin ƙiyayyar iyayensa. Malamai irin su Imamu Gazali sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Hankali yana cikin biyar ɗin nan. Wanda zai kwana yana gadin buhunan wake don kada ruwa ya taɓa su, bai kamata ya yi sakaci da hankalin ɗansa ba.

To, aljanu fa?

Mun san wannan ce tambayar da ke zuciyar mai karatu. Mu Musulmi ne. Mun yi imani akwai aljanu, akwai sihiri, akwai kambun baka, kuma ruƙiya da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata sunna ce. Babu likitan da zai raba mu da wannan. Amma imani da cewa abu yana nan daban ne da tabbacin cewa shi ne ya kama wane. Wa ya duba ya gani? Mai farfaɗiya yana faɗuwa yana kumfa, mai zazzaɓin da ya hau kai yana sambatu, wanda sukarin jininsa ya sauka yana fita hayyacinsa, mai jegon da ciwon ya taso mata bayan haihuwa tana iya cewa jaririn ba nata ba ne. Duk waɗannan a ido kamarsu ɗaya da abin da muke kira shafar iska, kuma kowannensu yana da magani a asibiti. Farfaɗiya ma, a sani, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Wanda ya faɗi a kasuwa a kawar masa da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a watse a bar shi.

Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Ya kuma ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba wanda aka yi wa rasuwa, domin ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana rage baƙin ciki. Kun ga a nan an haɗa ciwon zuciya da abin da ke shiga ciki. Annabi Yaƙubu kuma ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Saboda haka cewa da mai ciwon damuwa "ai rashin tawakkali ne" ƙarin kaya ne a kan wanda kaya suka riga suka danne.

Babu wanda ya ce a zaɓi ɗaya tsakanin malam da likita. A yi ruƙiya da safe, a tafi asibiti da hantsi. Abin da za a guje wa shi ne duk wanda zai ce a daina shan maganin likita, ko ya ce zai fitar da aljani da bulala, ko ya nemi keɓewa da mace, ko kullum yana nan da sabon farashi. Duk dukan da aka ce aljani ake yi wa, a jikin ɗan mutane tabon yake fitowa.

Me ake yi a wurin likitan ƙwaƙwalwa?

Da yawa suna tsoron zuwa don sun ɗauka allura kawai ake yi wa mutum ya zama kamar gunki. Jinyar iri-iri ce. Akwai ciwon da sai da ƙwayar magani, kamar na mai jin muryoyin da babu su, ko wanda ke kwana da kwanaki ba barci yana rabon dukiyarsa. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ga sauƙi, sai da shawarar wanda ya rubuta shi.

Akwai kuma jinyar da ake yi da zance. Wani likita a Amurka, Aaron Beck, ya lura a shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama, su kuma karɓe su a matsayin gaskiya. A ce ɗan kasuwa motar tumatur ɗinsa ta lalace a hanya, kaya suka ruɓe. Asara ta tabbata, wannan gaskiya ce. Amma sai zuciya ta ɗora: na gama yawo, kowa dariya yake mini, iyalina gara ba ni. Mai jinya zai zauna da shi su bi maganganun nan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake bin littafin bashi. Wa da wa suka yi dariyar? Ka taɓa yin asara a baya ka tashi? Da abokinka abin ya samu, haka za ka ce masa? Sannan a ba shi ɗan aiki: gobe ka fita sallar asuba a jam'i, jibi ka zauna a rumfa awa ɗaya ko ba ka sayar da komai ba. Da kaɗan-kaɗan ake janyo mutum daga rami.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a gidan Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, Masalihul Abdani wal Anfus. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san dalilinsa kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki, yana kuma buƙatar magani. Ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, yadda ake ajiye magani a gida don ranar larura. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara wannan sashe zuwa Turanci don duniya ta san inda abin ya faro. A Alƙahira kuma asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 yana da ɓangaren masu taɓin hankali.

Kai, ko Ahalari da muke karantawa a zaure akwai irin wannan hikima. Mai yawan kokwanto a salla, wanda waswasi ya aure shi, hukuncinsa shi ne ya yi watsi da kokwanton, kada ya koma ya kawo abin da yake shakka, ya yi ba'adiyya ya wuce. Masu jinyar waswasi a yau abin da suke koya wa mara lafiya ke nan. Wanda ke maimaita alwala sau goma, a taimaka masa ya yi sau ɗaya ya daure wa ƙaiƙayin komawa, har zuciyar ta saba. Duk lokacin da ya koma, ciyar da waswasin ya yi.

A ƙasar nan ma an taɓa nuna wa duniya hanya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai a sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da wani ɗan uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a da yamma. Ya kuma ja masu maganin gargajiya a jiki maimakon ya kore su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, bincike ya nuna mutane suna samun sauƙi. Darasin a nan shi ne mutum cikin mutane yake warkewa. Mu kuwa da muke da masallaci da majalisa da Sarkin Hausawa a kowane gari, ai rabin kayan aikin yana hannunmu.

Kada a ce an buɗe ƙofar uzuri

Akwai dattawan da za su ce, idan aka bi wannan, kowane ɗan iska sai ya ce ciwo ne, tarbiyya ta tashi ke nan. Maganarsu tana da nauyi, ba za mu tsallake ta ba. Ɗauke alƙalami na wanda hankalinsa ya gushe ne. Saurayin da ya san daidai ya san kuskure, ya saci kuɗin maigidansa, alhakinsa yana kansa, sai ya biya. Wanda ya fara shan ƙwaya da zaɓinsa ya yi saɓo, ba mai wanke shi. Ko yaro ƙarami idan ya fasa kayan wani, malamai sun ce ba shi da zunubi amma ana biyan ɓarnar. Tausayi bai share haƙƙin mutane ba.

Sai dai tsakanin cikakken mai hankali da wanda nasa ya gushe gaba ɗaya akwai fili mai faɗi, kuma a nan yawancin masu matsalar suke. Wanda ya shekara biyar yana shan tiramol, ranar farko zaɓi ne, yau kuwa jikinsa ne ke karkarwa idan bai sha ba. Yana da laifi, yana kuma da ciwo, duka biyun gaskiya ne. Laifin tsakaninsa da Allah ne da waɗanda ya cuta, tuba da biyan haƙƙi ke gyara shi. Ciwon kuma jinya yake so. Jinya ta gaskiya ma ba sassauci ba ce, domin ƙarshenta shi ne a dawo da mutum matsayin da za a iya tambayarsa ya amsa, a ba shi amana ya riƙe. Mari yana mayar da mutum abin tsarewa. Mu kuwa so muke ya dawo sahu.

Abin da ke wuyanmu

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, don haka layi yana da tsawo, sai an yi haƙuri. Amma wuraren suna kusa da mu. A Inugu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a New Haven. Mutanen Anacha suna da na jihar Anambra a Nawfia, kan hanyar Awka. A Fatakwal akwai na Rumuigbo, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na jami'a. Wanda ya ga lallai sai an koma gida, to akwai Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. A kai shi can kai tsaye, da ɗan rakiya, kada a ɗora shi a bayan tirela shi kaɗai. Tun Janairun 2023 kuma ƙasar nan tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa mara lafiya haƙƙinsa na a mutunta shi.

Abubuwa huɗu ba a jira da su gobe: wanda ya fara maganar kashe kansa ko ya ce ya gaji da rayuwa, wanda ya kwana uku ba barci yana sambatu, mai jegon da ta rikice, da wanda ya daina ci da sha. Mai maganar kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da wuƙa daga inda yake, kada a tsaya yi masa wa'azin wuta a wannan lokaci. A kai shi asibiti tukuna, wa'azi yana nan zuwa.

Muna roƙon samarinmu da suka iya Ibo da Turanci su riƙa raka marasa lafiya, domin da yawa abin da ke hana su zuwa shi ne ba za su iya yi wa likita bayani ba. Muna roƙon iyayen gida, duk wanda aka ba amanar yaro ya san inda yake kwana da wanda yake yawo da shi. Muna roƙon iyayenmu mata, Hajiyoyi da malaman Islamiyya, su riƙa leƙa masu jego bayan an watse daga suna, su tambaye su barci da cin abinci. Masu hali kuma su tuna kuɗin maganin irin wannan ciwo na wata-wata ne, sadaka a nan tana da gurbi. Sannan mu duka mu kama bakinmu. Yarinyar da aka taɓa kaiwa asibiti ta warke, kada a mayar da abin sunanta har ta rasa mijin aure. Wanda ya rufa asirin Musulmi, Allah zai rufa nasa.

Mu baƙi ne a garuruwan nan, dangin kowa suna nisan kwana guda a mota. Wanda ciwo ya kama a nan ba shi da uwa ba shi da uba sai jama'ar masallaci. Kuma babu wanda ya karɓi takardar cewa nasa hankalin zai kai shi har kabari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mana hankulanmu da imaninmu, Ya zaunar da garuruwan da muke neman abinci a cikinsu lafiya, Ya mayar da kowa gida cikin rufin asiri. Amin.

Wassalamu alaikum. Juma'a mai albarka.

Daga Sakataren Masallaci